Baƙin Dutsen Tsakar Zaure

Shi ya fara gani, kafin kowa. Baba Makulli bai taɓa shiga aji ba, da babban yatsa yake sa hannu a takarda, amma tun ranar da aka shimfiɗa jan kafet a tsohon zauren garin ya ce taron nan zai ba da kunya. Sau uku yana faɗa, ba wanda ya ko waiwaye shi.

Taron kuwa ba ƙarami ba ne. Wata ƙungiya ce ta duniya, ta masu kula da tsoffin gine-gine, duk shekara biyu reshenta na yankin yakan zaɓi gari guda a hallara. Bana abin ya faɗo kan garinsu, saboda zauren nan na dutse mai ginshiƙai goma sha biyu da ƙubba a tsakiya, wanda Baba ya riƙe makullinsa shekara arba'in da ɗaya. Sakataren kwamitin shirye-shirye ɗan ƙanensa ne.

"Baba, don Allah kwana ukun nan ka zauna gida ka huta," in ji Sakatare, idonsa na kan takardu. "In an tashi kuma, kwamiti ya ce ka miƙa makullin. Za a kawo mai ilimin abin, wanda zai iya yi wa baƙi bayani."

"Mai ilimin abin! Kai, tun kana tsula mini fitsari a wuya nake buɗe ƙofar nan. Ku janye teburin masu jawabin can daga jikin bango, ku naɗe kafet ɗin nan. Zauren nan ba ya son a yi masa magana daga can."

"Ai akwai lasifika, Baba. Har takwas."

"Ko tamanin ne."

Ba haka kawai ya faɗa ba. Shekara talatin da suka wuce, a wata damina mai nauyi, rufin gefen gabas ya rufto yana ciki yana shara. Gungume ya danne masa ƙafa, kuncinsa ya kwanta kan wani baƙin dutse a tsakar zauren, daidai ƙarƙashin ƙubba. Ƙarfin ihu babu, sai nishi. Amma masu tono a bakin ƙofa suka ji nishin nan kamar a kunnensu ake yi, da shi suka gano inda yake. Ya fito da ɗingishi da kuma sanin dutsen. Sai dai ya ba da labarin har mutane sun ƙosa, ga shi kwana biyun da ya yi a ƙasa sun zama biyar a bakinsa, don haka ba mai kama maganar.

Ranar buɗe taro ya sa rigarsa mafi kyau, ya rataya makullin a wuya, ya tafi. Mai gadi ya tare shi, wai ba shi da kati.

"Ƙofar da kake tsare wa ya buɗe maka ita da safe?"

Mai gadi ya kauce. Baba ya samu kujera can baya ya harɗe.

Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa mai farin gashi da ta zo daga ƙasa mai nisa, ta miƙe ta fara jawabi. Kalma ɗaya ta fita, bango ya dawo da ita takwas. Ta biyu ta tarar da ta farko a hanya, suka cakuɗe. Tafintoci suka cire abin kunne suna kallon juna. Mai lasifika ya rage, na baya suka daina ji. Ya ƙara, zauren ya ɗauki ruri kamar ana gara ganga. Dattijuwar ta dakatar da jawabin. Sakatare ya ruga bakin ƙofa yana kiran waya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Baba bai jira a kira shi ba. Ya ɗingisa zuwa tsakiya, yana ƙwanƙwasa kafet da sandarsa, har ya ji inda sautin ya canza. Ya yafito mutum biyu cikin masu jera kujeru suka naɗe kafet, baƙin dutsen ya bayyana, ba abin ado ba, har da tsaga a gefe. Ya nuna mai lasifika da sanda.

"Kashe tarkacen nan."

Aka kashe. Ya hau dutsen, ya yi ƙasa da murya kamar mai gulma.

"Sakatare, igiyar takalminka ta kwance."

Can bakin ƙofa, taku hamsin daga wurin, Sakatare ya sunkuya yana duba ƙafarsa. Baƙin ba su ji harshen ba, amma kowa ya ji muryar a kunnensa, kowa kuma ya ga mai sunkuyawa. Zaure ya kece da dariya da tafi.

Dattijuwar ta sauko da kanta ta tsaya kan dutsen, ta yi jawabinta ba na'ura, har na kujerar ƙarshe yana gyaɗa kai. Da ta gama ta sa tafinta ya tambayi Baba a wane littafi aka rubuta wannan.

"Gaya mata ba ya cikin littafi. Yana cikin ƙafar nan tawa."

Ta ce to gobe shi zai zagaya da baƙi, ba wani ba.

Da la'asar yana rufe ƙofa sai ga Sakatare, yana sosa ƙeya.

"Baba, maganar makullin nan..."

"Wane makulli?"

"Kwamiti ya ce a bar ta."

"Kwamiti ya yi hankali. Je ka ɗaura takalminka."

Makullin yana wuyansa har yau, kwanakin da ya yi a ƙasa kuma sun kai bakwai. Duk wanda ya yi masa kallon shakka, sanda yake nuna masa: "Zo ka tsaya a ƙofar can, ni in hau dutse in raɗa abin da ka ɓoye wa matarka. In ka isa, zo!"