Ƙahon da Ba Ya Neman Gyara

Shekara arba'in da ɗaya ina busa ƙaho a ƙungiyar badujala kafin haƙorana na gaba su yi mini tawaye. Da suka zube, sai na koma gyaran abin da na daina iya busawa. Shagona ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin tela da mai sayar da waya. Sai in yi mako guda ba a yi sallama a ƙofata ba, in ban da tela da ke leƙowa aron filaya. Matata ta rasu shekara shida ke nan. Ɗana yana wata ƙasa, yakan kira ƙarshen wata ya tambayi hawan jinina, in ce da sauƙi, mu yi shiru har ya ce ana nemansa. Mu goma sha takwas ne a hoton ƙungiya da ke jikin bango. Saura ni da wani guda, shi ma ba ya gane kowa.

Ranar wata Litinin da hantsi wata yarinya ta shigo da baya tana jan dogayen akwatuna biyu, ta ture gwangwanin man da ke bakin ƙofa.

"Baba, sannu da aiki. Kai ne mai duba ƙaho? Malaminmu ya aiko ni, wai in ka ce ƙaho ya mutu, a haƙa masa kabari kawai."

"Malaminku ya san abin da yake faɗa. Ɗauke mini gwangwanina tukuna."

Ɗalibar makarantar kiɗa ce, ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Turombon take koyo, dogon ƙahon nan na tagulla da ake tura hannunsa gaba a jawo shi baya don sauya murya. Kafin in buɗe akwati ta gama ba ni tarihinta. Goggonta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma ta sayar da keken ɗinkinta don ta saya mata ƙaho, domin a gwajin shiga babbar ƙungiyar makaranta ba a yarda da na aro ba. Mai sayarwa ya ba ta biyu masu kuɗi ɗaya ta zaɓa, ranar Alhamis ta mayar da ɗaya.

Na farkon yana ƙyalli har kana ganin fuskarka a jikinsa. Na biyun ya dushe, inda ake riƙewa ya koɗe, ga lotsawa biyu a gefen bakinsa.

"Ni dai mai ƙyallin nake so," in ji ta. "Wancan kamar daga bola aka tono shi."

Mu masu wannan sana'a ba ma duba ƙyalli. Na zare hannun mai ƙyallin na karkata shi. Hannu mai lafiya da nauyin kansa yake zamewa, amma wannan ya tafi rabi ya cije. Na toshe bakunan bututu biyun da ke hannun na ja, maimakon ya yi gardama sai ya biyo ni salin-alin, alamar iska tana da wata hanyar. Na haska tocila, sai ga jajayen ɗige-ɗige a ƙarƙashin sabon fentin. Tagulla ce ke ruɓewa daga ciki, kuma wannan ciwon ba shi da magani. Kyan ɗan maciji gare shi. Tsohon kuwa, ina karkata hannunsa ya tafi sumul ba ko ƙara, na toshe na ja ya fizge hannuna ya koma. Wanda ya riƙe shi a da ya so shi.

Minti goma na gama aikina. Sai yarinyar ta nuna bango ta ce, "Baba, wanne ne kai a hoton nan? Kar ka faɗa, bari in canka. Mai kunnuwan nan!"

Rabon da wani ya tambaye ni hoton nan har na manta. Na ji bakina yana cewa, "Duba ƙaho ba aikin gaggawa ba ne. Ki dawo gobe."

Da sassafe ranar Talata na sayi kofi na biyu, na ari kujera wurin tela.

"Tsoho, yau baƙi za ka yi?" in ji shi.

"Kula da allurarka."

Ta zo bayan an tashi daga makaranta. Na sa ta busa kowanne, na gyara mata gwiwar hannu, na yi mata faɗa kan kumbura kumatu. Ta shanye shayina tana kushe shi, wai ruwan zafi ne da aka nuna wa sukari daga nesa. Na laƙaba mata Sarkin Surutu. Ranar Laraba ma na ƙirƙiro wani gwajin da babu shi a duniya, ta dawo. Na ba ta labarin mutum goma sha takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta saurara har da tambaya. Sabo turken wawa, kwana uku kacal na fara sauraren takunta a kan titi.

Bayan tafiyarta ranar Laraba na zauna da ƙahonin biyu a kan tebur, zuciya ta kawo mini shawara. In ta ɗauki mai ƙyallin, duk bayan mako biyu sai ya ɓule a wani wuri, kuma duk garin nan ba wanda zai liƙe shi sai ni. Kyauta zan riƙa yi mata. Ita da bakinta ta ce shi take so, ni ba sai na yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi. Na san in ka liƙe nan can zai buɗe, na san yana iya buɗewa a tsakiyar gwajinta, na kuma san keken ɗinki sau ɗaya ake sayar da shi. Duk na sani. Amma ina jin kunyar faɗa, da wannan shawarar na rufe shago.

Ranar Alhamis ta zo da goggonta, mace mai sanyin magana, yatsunta duk sun yi kanta saboda ɗinki. Ta zauna a bakin kujerar tela ta ce, "Baba, mu ba mu san komai a kan abin nan ba. Abin da ka ce, shi za mu yi."

Yarinyar ta riga ta rungume mai ƙyallin tana jiran in gyaɗa kai. Da goggon ta yi ciniki ko ta yi mini wayo, da wataƙila na iya. Amma ta miƙo mini wuya gaba ɗaya, ni kuwa shekarun nan duka ban taɓa cewa mataccen ƙaho yana da rai ba.

Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a kan jajayen ɗigon, na cusa tsumma a bakin ƙahon.

"Sarkin Surutu, hura."

Ta hura. Kumfa ya taso a wuri uku.

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa," na ce. "Ku mayar wa mai sayarwa kayansa. Tsohon za ku ɗauka, ya fi kuɗin da aka sa masa."

Ta daɗe tana kallon kumfan. "Yaushe ka gani, Baba?"

"Tun Litinin."

"To me ya sa ka yi ta cewa in dawo?"

Na nemi wata dabara na rasa. "Shagon nan shiru ya yi masa yawa," na ce.

Goggon ta dubi kofuna biyun da ke kan tebur, ta kawar da kai. Na gode mata a zuciyata.

Na nuna wa yarinyar yadda za ta wanke hannun ƙahon da ruwan ɗumi, da yawan man da za ta ɗiga, da yadda za ta kulle shi kafin ta ajiye. Na ba ta kwalbar mai guda. Ban rage komai da zai sa ta nemi wani ba. Tana saɓa akwatin ta juyo.

"Yaushe zan kawo shi gyara?"

"In kin kula da shi ba za ki kawo ba. Wannan sai ya binne ni bai nemi komai ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Ta yi alkawarin za ta riƙa leƙowa, na kuma san da gaske take a lokacin. Amma makarantarsu tana can ƙarshen gari, kuma yaro da abin da ke gabansa yake tafiya.

Bayan wata biyu malaminsu ya aiko mini da saƙo a waya cewa ta ci gwajin, ƙahon bai yi ko tari ba. Allah ya sani na yi murna. Na karanta saƙon da ƙarfi, na ɗaga kai in ga wanda zan gaya wa, sai hoton bango. Aikina ya yi kyau, shi ya sa ban sake ganinta ba.

Kujerar tela har yau tana wurina. Sau biyu ya zo karɓa ina cewa ya bari zuwa gobe, yanzu ya daina tambaya.