Rular Goggo

…kuma ga ta a jakata, rular katakon nan, tana tokarar haƙarƙarina kamar mai neman bahasi. Ta gilashin ƙofar ɗakin jarrabawa nake hango ki, Goggo — kujera ta uku, kusa da taga, bayanki a miƙe, kai ka ce ke kika zo jarraba su. Saura minti ashirin.

Shekara talatin kina karɓar haihuwa. Da Faransanci kika yi karatun ungozoma, da shi kika tsawatar wa likitoci. Muka ƙauro nan, aka ce ba za ki taɓa mai naƙuda ba sai kin ci jarrabawar Turanci. Bokiti da tsumma suka miƙa miki, ki goge ƙofar ɗakin haihuwa. Wa ya tsara wannan? Ya taɓa jin jaririn da ya tambayi harshen hannun da ya tare shi?

Sau biyu kina faɗuwa. Ba rashin sani ba ne — lokaci ke ƙarewa kina jan layi. Haka aka hore ku: a ɗora rula, a raba shafi gida-gida, jiya, yau, gobe, kowane gida layi shida. Ni, kai, shi, mu, ku, su. Na taimaka, ina taimakawa, zan taimaka… Na ce miki kalmar a Turanci ba ta sauyawa, sai ɗan abin da ake liƙa mata a wutsiya. Kika tuntsire da dariya a teburin kicin: "Malama ƙarama, wannan ai harshen malalata ne. Can kowa da rigarsa, nan riga ɗaya gida duka ke sawa." Duk da haka kika rubuta shidan cif. Littafi huɗu kika cika. Hannun da sabulu ya tsattsage, rubutu kuwa kamar ɗinki.

Wannan ne zama na ƙarshe. Ba a ba da na huɗu.

Shi ya sa na ƙwace rular a bakin ƙofa. Ni mai digiri, mai kaifin baki a kan zalunci. Ba ki musa ba. Da hannu biyu kika miƙo — "Ga ta, Malama" — yadda kika miƙa almakashinki na yanke cibiya ranar da suka hana ki aiki… a'a. Ba ɗaya ba ne. Nawa taimako ne. Ba ɗaya ba ne?

Saura tara. Na gabanki ya juya shafi, na bayanki ya juya. Hannunki na hagu yana lalube inda rular ta saba zama. Ya koma. Ya sake dawowa. Ki rubuta, Goggo, don Allah, ki bar —

Kin danne takardar da tafi. Kina jan layi. Haka nan, hannu zalla, daga sama har ƙasa, ba gaggawa, ba karkata ko ta gashi ɗaya.

Ashe ba rular ce ke miƙar da shi ba.

Saura takwas… ni kuma ina tsaye a baranda, riƙe da katako.