Ɗaurin Damtsen Kawu Shafƙat

"Ɗaura mana, Ruksana. Ko sai na kai ƙararki wurin mijinki?"

Ruksana ta tsaya riƙe da wani koren ƙyalle. Kawu Shafƙat, maƙwabcinta a bene na huɗu, ya miƙo mata damtsensa, duk ya tsotse. Tun da shanyewar jiki ta kwantar da shi bai sake taka titin Karachi ba. Matattakala ga ƙunci, taga ga ƙarafa, ɗansa Nadim kuma yana Kanada, sai aiken magani da umarni ta waya.

Ita ke kai masa shayi, shi kuma ya saka mata da labari. Wai farkon zuwan jiragen sama na jet, yakan kwashi marigayiya matarsa da yara su tashi zuwa Dhaka, su zarce Rangun da Bankok. An sha kwat, an sha sari na siliki, kamar masu zuwa biki. Ma'aikaciyar jirgi ta zaga da alewa saboda toshewar kunne, Nadim ya cika aljihu, uwar ta murɗe masa kunnen. Kuma ba su taɓa hawa ba sai tsohuwarsa ta ɗaura wa kowa ƙyalle a damtse, da kwabo a ciki, kamar yadda ake yi wa matafiyi. Wanda ya ɗaura ba ya kwancewa, sai waɗanda suka tare ka a can, su yi sadaka da kwabon. Irin wannan ɗaurin yake nema yanzu.

Shi ya sa ta yi ta ƙi. Ta ce likita ya ce yana samun sauƙi. Ya ce ita da likitan duk ba su iya ƙarya ba.

"To ina za ka, Kawu, da kake neman ɗauri?"

"Waje, 'yata. Ko ina ne, in dai waje ne."

Ta yi bismilla ta ɗaura, hawaye na ɗiga a kan yatsunta. Ya lumshe ido, ya tambaye ta ko gashinsa ya kwanta.

Washegari da hantsi ya cika.

Da masu wanka suka gama, liman ya miƙo mata ƙyallen ta bakin ƙofa. Ba su kwance ba, hannun ne ya rame har ya zame da kansa. Tana jin maza suna fama da makara a kwanar matattakala, wannan na cewa a ɗaga, wancan na cewa a karkata, har muryoyinsu suka fita titi.

Ta zauna a gefen gadon, ƙyallen a tafinta, ƙullin yana nan yadda ta yi shi.