Sandar Baba Isyaku a Ƙofar Zaure

Tun kafin a gama karin kumallo Munawwara ta duba wayarta sau huɗu. Ƙarfe uku na yamma za ta zauna gaban kwamfuta ta nuna wa shugabanninta aikin da ta yi wata uku tana yi. A wannan zaman za a yanke ko a ɗauke ta dindindin, ko a ce an gode.

Daga ɗakinta a Kaduna take aikin. Wani ƙaramin kamfani ne ke aika wa manoma darasi ta waya, ita ke rubutawa, ta karanta, ta naɗi muryarta. Ba ta taɓa taka ofishinsu ba, shugabarta ma, Hajiya Sadiƙa, a allon kwamfuta kawai ta san fuskarta. Sau ɗaya Munawwara ta taɓa makara a taro. Hajiya Sadiƙa ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ba ma ganin juna, Munawwara. Da lokaci muke gane wanda yake wurin aiki. Kada a kuma."

Da aka gayyace ta bikin suna a Ƙaraye, garin mahaifinta, sai ta ga ai aikin a jaka yake, duk inda ta sauka nan ne ofis. Shekara takwas rabonta da garin. Aka yi suna lafiya, ita kuma ta tsara cewa washegari za ta wuni a ɗaki tana shiri.

Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifinta, ita ma ta yi nata tsarin.

"Ɗauko mayafinki, 'yar nan. Yau zagayen gaisuwa, gida shida ne. Matan da safe, Yaya Isyaku kuma sai bayan azahar, idan ya dawo daga masallaci."

Munawwara ta tuna taron ƙarfe uku. Wadda ta yi shekara takwas ba a gan ta ba, da wane bakin za ta ce gaishe da dangi yana da iyakar lokaci? A gidan manya, baƙo ya kalli agogo ma kamar ya ce ya gaji da su ne. Ta lissafa a ranta: rabin awa kowane gida, kafin ɗaya sun gama da na matan. Ta zura kwamfutar a jaka, ta rataya a ƙarƙashin mayafi.

"Wannan jakar fa? Gudu za ki yi daga can?"

"A'a, Gwaggo, 'yan kayana ne."

A gidan farko aka tambaye ta gajiya, da mutanen Kaduna, da mahaifiyarta, da ƙafar mahaifiyarta, sannan aka dama fura. Ba a tashi a bar fura. A gida na biyu ɗanwake aka ɗora musamman dominta, ruwan ma bai tafasa ba lokacin da suka shiga. Munawwara ta zauna a kan tabarma tana murmushi, tana amsa "lafiya ƙalau," yatsanta na shafa wayar a ƙarƙashin mayafi. Da suka fito ta leƙa a sace: sha ɗaya da rabi.

Hanyar gida na uku ta tsakiyar kasuwa ta bi, ga shi ranar cinta ce, ga kaka ta yi. Garin da ta sani shiru ya cika ya tumbatsa. Buhunan gyaɗa jibge sun fi tsayin mutum, motoci daga Rogo suna sauke masara, 'yan acaɓa na kutsawa da awaki ɗaure a baya. Can mai rake yana fere, nan mata sun jera man gyaɗa a kwalabe, ƙamshin soyayyen kifin dam ya cika layin. A wata rana da ta tsaya ta more kallo. Yau kuwa duk fuskar da ta juyo sai an tsaya, domin Gwaggo ta san kowa.

"Kai, Shitu! Ka gane wannan? 'Yar Abdussalam ce."

"La ilaha illallahu! Wadda take kuka in ta ga raƙumi?"

"Ita ce. Yanzu da waya take aiki."

"Ai kowa ma da waya yake aiki, Lantana. Ni ma da ita nake sayar da gyaɗa."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Saƙo ya shigo daga Hajiya Sadiƙa: "Muna nan ƙarfe uku. Malam Zubair mai kula da darussa zai zauna da mu." Malam Zubair ne mutumin da ba ya barin ko kalma ɗaya ta wuce bai tambayi dalilinta ba.

A gida na uku suka yi azahar. Biyu da rabi ta wuce lokacin da suka yi sallama a ƙofar Baba Isyaku, wan mahaifinta, babban gidan duka. Yana zaune a zaure kan buzu, farin gemu, tabarau a hanci, sandarsa jingine da bango. Shekara talatin ya yi yana magatakarda a ofishin hakimi.

Munawwara ta durƙusa. Gaisuwar Baba ba ta gaggawa ba ce. Ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya tambayi damina a Kaduna, ya kira sunan 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya har autansu. Gwaggo ta wuce ciki wurin matan gidan, tana cewa a zuba wa baƙuwa shinkafa. Saura minti goma sha biyu. Munawwara ta sake shafa wayar a ƙarƙashin mayafi.

Baba ya sauke tabarau ya dube ta.

"Munawwara, tun da kika zauna hannunki na dama bai fito daga mayafi ba. Ciwo ne?"

"A'a, Baba."

"To mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. Sai maganar ta zubo gaba ɗaya, ba tsari: taron ƙarfe uku, wata ukun gwaji, kashedin Hajiya Sadiƙa. Ta ƙare da, "Ku yi haƙuri, Baba. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Tun safe kike ɗauke da wannan?" Ya girgiza kai. "Da kin gaya wa Lantana ai da ta yi faɗa ne kawai, sannan ta kawo ki. A ina abin naki yake kamawa?"

Ta duba wayar. A bakin zauren sabis ya cika. Cikin gida kuwa, Baba ya ce, sai an hau turmi ake samun kira.

Ya dafa bango ya miƙe. Ya leƙa ciki ya ce kada kowa ya fito sai ya yi magana. Sannan ya ɗauki sandarsa ya gitta ta a ƙofar waje, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Lokacin da nake rubuta wasiƙun hakimi a nan, in na gitta ta, duk unguwar nan sun san ana aiki. Ko dagaci ne sai ya jira. Zauna kan buzun."

Ya fita ya zauna a kan benci a waje. Munawwara ta buɗe kwamfuta, ta haɗa ta da wayar. Uku saura minti ɗaya fuskar Hajiya Sadiƙa ta bayyana.

Ta soma bayani. Amma zaure shi ne hanyar shiga gidan, ga shi labari ya bazu cewa 'yar Abdussalam tana nan. Ta gefen ido tana ganin ƙafafu suna taruwa a bayan sandar. Can ta ji wata murya mai kaifi: Inna Saude ce, 'yar'uwar kakarta, ta taso takanas daga Beli.

"Isyaku, sandar nan ba ta yi ritaya tare da kai ba?"

"An dawo da ita aiki, Saude. Zauna."

"Ni da na yi mata wankan jarirai za a tare da itace?"

"Ko ke ce. Ina gajiya? Ya mutanen Beli?"

Munawwara ta ƙara matsawa kusa da allon, tana addu'a kada shugabanninta su ji. Ta kunna darasin da ta fi alfahari da shi, na shanya gyaɗa a kan tamfol maimakon ƙasa don kada ta yi fumfuna. Minti ɗaya cif, ba kalmar da ta wuce wuri. Da ya ƙare Malam Zubair ya gyara zama.

"Ya yi tsaf. Amma manomi nawa ne suka saurara kafin ki kawo mana?"

A Kaduna, a ɗaki, ita kaɗai ta saurara.

"Babu ko ɗaya, Malam."

Hajiya Sadiƙa ta rubuta wani abu. Munawwara ta dubi ƙofa, ta ga ƙafafun nan, wasu da ƙurar gona a dunduniya. Ta san in sun kushe aikin, a gaban shugabanninta za su kushe shi.

"Amma akwai su a nan ƙofa, in kun yarda. Baba, don Allah a ɗage sandar."

Mutum biyar suka shigo, Inna Saude a gaba. Ta ga fuskoki a allo, sai ta gyara mayafi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Malam Zubair ya amsa duka, bai da zaɓi. Munawwara ta sake kunna darasin. Muryarta ta fito: "Manomi, idan ka cire gyaɗarka..."

"Tsaya, tsaya," in ji Inna Saude. "Wace ce wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Ke? Haka kawai za ki faɗo wa mutum cikin kunne, ba sallama, ba ina wuni, ba ya aiki? Ni in aka kira ni haka kashewa nake, na san masu damfara ne."

Wani dattijo daga Kafin Dafga ya gyaɗa kai. "Maganar tamfol da na jiyo tun daga waje gaskiya ce, bara na yi asarar buhu biyu. Amma da a waya ne, da ban kai nan ba na kashe."

Munawwara ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da hannunta ta yanke gaisuwar daga darussa goma sha biyu, don kowanne ya tsaya a minti ɗaya.

"Hajiya, laifina ne," ta ce. "Lokaci nake tattali."

Hajiya Sadiƙa ta ajiye biro. "Mu muka ce minti ɗaya. Wata shida muna neman dalilin da ya sa ake kashe kiranmu tun a farko. Malam Zubair, ka ji?"

"Na ji, har na rubuta."

"Munawwara, ki sake naɗar duka sha biyun da gaisuwa, ki gwada su a nan kafin ki koma Kaduna. Takardar ɗaukarki aiki za ta iso gobe. Ki gaishe mana da Inna."

"Ga ni ai, ki gaishe ni da kanki," in ji Inna Saude.

Da allon ya yi duhu, Munawwara ta rufe kwamfutar. Ana kiran la'asar. Baba Isyaku ya mayar da sandarsa jikin bango. Gwaggo Lantana ta fito daga ciki da kwanon shinkafa, ta dire shi a gabanta.

"Na ji komai daga bayan ƙofa. Faɗan na ajiye miki sai mun koma. Ci maza, saura gida biyu."