Igiya Ɗaya Ta Rage wa Osmanu

Taurarin Alabar, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu, ta girmi yawancin masu kallonta. Tun kafin yaƙin Turawa muka kafa ta a farfajiyar wani gidan goro, ni ne mai kalangu, Idirisu tela shi ne shugaba, kuma har shekarar 1956 wasa ɗaya ne ya riƙe mu, wato Tuwon Jiya. Labarin bai da wuya: mata ta ƙona tuwo, miji ya yi faɗa, ta jefe shi da ludayi, ya miƙe ya ce "Na sake ki," jama'a su fashe da dariya. Osmanu mai goro ne mijin. Matar kuwa Bawah ne, ƙato mai sayar da nama, da yake a lokacin mace ba ta hawa dandali.

Sai Bawah ya je Makka ya dawo da gemu. Muka yi lallashi, muka yi magiya, ya ce shi Alhaji ba zai ƙara ɗaura zane ba. Sauran 'yan ƙungiya kowa ya ce ba shi ba. Sallah ta matso, ga wasan kwana uku mun riga mun yi shela har Tafo.

Rakiatu, matar Osmanu, ita ta ce a ba ta ta fito a matar. Ta san wasan tun daga jin mijinta yana bita a tsakar gida. Idirisu ya ce ai ba abin kunya, mace ce da mijinta, wa zai yi magana? Dukanmu muka yarda, kuma har yau ina jin haushin yadda ba wanda kansa ya kawo abin da ke tafe.

Ranar farko wasa ya yi kyau. Rana ta biyu ya fi. Muna kwashe tabarmi sai Malam Sulemana, limamin unguwa, wanda ya zo raka baƙonsa kallo, ya kira Osmanu gefe, muka bi su.

"Wannan matar, taka ce?"

"Tawa ce, Malam."

"Jiya ma ka faɗa mata haka?"

"Ai wasa ne, Malam."

"Saki ba ya da wasa. Igiya biyu sun tafi. Ka mayar da ita yanzu gaban shaidu, ka kuma sani ɗaya ta rage."

Osmanu ya zauna a ƙasa. Shekara goma sha tara suna tare, 'ya'ya biyar, kuma duk Alabar an san ko ruwa ba ya iya ɗebo wa kansa. Ya mayar da ita nan take, Rakiatu na kallonsa.

Muka ce a canja maganar sakin a wasan. Idirisu ya buga ƙafa. "Ba a canja kraa, ko kaɗan. Mutane wannan magana ya kawo su." Muka koma wa Bawah, ya shafa gemunsa ya ce Allah ya kyauta. Muka ce a fasa, amma labari ya riga ya zaga zango, rana ta uku tun la'asar farfajiya ta cika, har kan katanga mata ne. Osmanu, wanda bai taɓa tsallake kalma ɗaya a wasa ba kuma yake alfahari da haka, ya hau dandali kamar mai zazzaɓi.

Aka kawo tuwo. Idirisu ba ya yarda da tuwon ƙarya, kullum sai an ƙona na gaske har hayaƙinsa ya kai layin baya. Osmanu ya yi faɗansa a sanyaye. Rakiatu ta jefa ludayi, ya same shi a kafaɗa. Na tsayar da kiɗa. Ya miƙe, ya buɗe baki, ya rufe.

"To, faɗi mana," in ji Rakiatu.

Ya sunkuyar da kai.

Da ta ga haka sai ta gyara ɗaurin zane ta bar wasan Idirisu ta shiga nata. Ta ce baƙin nan fataken goro da yake kwaso mata ba sanarwa a ce ta yi tuwo, daga yau an daina. Ya ce an daina. Ta ce gidan uwarta a Tafo za ta riƙa zuwa duk Juma'a. Ya ce ta je. Ta kawo zancen minshari, ya ce zai yi ƙoƙari. Matan kan katanga suna ta guɗa, Idirisu na bayan labule yana cizon hula.

Da ta gama, Osmanu ya rasa yadda zai rufe wasa. Ya zauna, ya jawo akushi, ya fara cin ƙonannen tuwon nan da ba wanda ya taɓa kai wa baki tun kafa ƙungiya. Loma yake yi hawaye na zuba, ban san na ɗaci ne ko na tsoro ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ya kusa rabi ya ɗago ya ce, "Akwai ƙari?"

Dariyar jama'a ta rufe komai, amma ni ina kusa, na ji. Rakiatu ta durƙusa, ta janye akushin daga gabansa, ta riƙe masa hannu.

"Ya isa, maigida. Ban tsira daga idda don in shiga takaba ba."