Azumi Nawa Kay Yi?

Atika na tsugune tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau sai ta ji muryar Habiba, matar maƙwabcinsu Ɗantani, ta saman katanga.

"Atika, Malam na kiranki. Don Allah ki taho, jikin ya yi tsanani."

Atika ba ta ɗaga kai ba. Rabonta da taka gidan nan tun barin ɗanta Maniru garin Bodinga, kuma ta sha alwashin ko gobara ta tashi ba za ta kai musu ruwa ba. Amma kiran mai jinya ba abin wasa ba ne. Ta goge hannu, ta ja mayafi, ta fita tana ƙunƙuni.

Asalin abin dokar dattawan unguwa ce. Da aka ga yara sun tare a kafen intanet da gidan kallon ƙwallo na bakin tasha, wasu har da caca a waya, sai aka hana duk wanda bai kai mutum ba shiga. Atika ma har guɗa ta yi ranar. Aka ɗora Ɗantani gadi a benci bakin ƙofar kafen, tsohon ɗan dakon albasa da bayansa ya gaji. To wa ke yawo da takardar haihuwa a aljihu? Sai tsoho ya ɓullo da tasa dabara: duk yaron da ya zo, ya tambaye shi azumi nawa ya yi.

Maniru kuwa ya kai har ya wuce, sai dai ƙaramin jiki gare shi, ga gyambon ciki da ya hana shi kai azumi ko sau ɗaya. Ɗantani ya san haka sarai, da shi aka ci tuwon sunan yaron. Ranar da za a rufe neman gurbi a makarantar koyon jinya, Maniru ya zo kafe da saurinsa don ya cike fom. Tsoho ya dubi samarin da ya kora suna tsaye suna kallo, ya ji tsoron a ce ya yi son kai, sai ya tambaye shi a gabansu. Wani ya amsa masa da "Ko ɗaya!" aka fashe da dariya. Maniru ya juya ya tafi, har aka rufe bai cike fom ɗin ba. Kafin sati ya zagayo ya hau mota, yanzu yana acaɓa a Ikko.

Ɗakin na warin man zafi. Ɗantani na kwance a tabarma, ya zube har fushin da Atika ta shigo da shi ya rasa wurin zama.

"Sannu, Malam."

"Atika, kin zo." Ya numfasa. "Na kori ɗiyan mutane da yawa, dut ba su hana ni kwana ba. Sai wanga guda. Kira man shi, in roƙe shi shi yahe man tun ina da baki."

"Ai ya wuce, Malam."

"Ga wa yaw wuce? Ke kin yahe?"

Ta kwance waya daga bakin zane, ta kira. Ƙarar motoci ce ta fara shigowa kafin muryarsa.

"Inna, lahiya? Ina bisa aiki."

"Baba Ɗantani na ba shi da lahiya. Yana son magana da kai."

Ta duba waya ko layin ya yanke ne.

"Mi zai ce man?" in ji Maniru. "In na sauke fasinja ni kira."

Ya kashe. Ɗantani ya ji komai, amma ya ce a ajiye masa wayar kusa da kansa. Duk babur da ya wuce a titi sai ya buɗe ido, yana tsammanin ƙarar wayar ce, ya ce, "Ita ta?" Habiba ta ce a'a. Atika ta zauna bakin ƙofa tana jin haushin ɗanta, tana jin haushin tsohon, ta kuma fi jin haushin kanta da guɗar da ta yi. Ta ɗauko wayar ta sake gwada lambar, ba a ɗauka ba.

Ana kiran azahar ya daina tambaya. Habiba ta taɓa ƙafarsa, ta ɗago ta dubi Atika, sai salati.

Maza suka shigo suka yi masa wanka, suka sa shi a likkafani. Ana jiran liman a ƙofar gida, an jingine makara a zaure, sai wayar ta yi ƙara a hannun Atika.

"Inna, na tsaya. Ba shi."

Hawaye suka zubo wa Atika. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, Habiba ta miƙo hannu ta karɓe wayar. Ta ɗaga labule, ta durƙusa, ta ajiye ta a kan tabarma daidai kunnen mijinta.

Matan da suka taru a tsakar gida suka kasa kunne. Daga cikin ɗaki ana jin 'yar siririyar murya, da hon ɗin motoci a bayanta.

"Baba, ni na, Maniru. Na yahe maka, wallahi na yahe. Baba? Kana ji na?"