Ƙulli Ɗaya Ja, Ƙulli Biyu Kore

Shekara talatin da ɗoriya Zarami yana ɗinkin hula a Nguru, duk wanda ya saka hularsa sai an tambaye shi inda ya samo. Abin da ba a sani ba shi ne, mai hular bai san ja ba, balle kore. A idonsa su biyun abu guda ne, launin tsohuwar tabarma. Shuɗi da rawaya kam yana ganinsu tar. Amma in damina ta sauka ana yabon koren fadama, sai dai ya gyaɗa kai ya ce masha Allah.

Matarsa Meram ce ta gano shi tun tana amarya, ranar da ya sayo mata ɗanyen tumatir yana ta yabon nunarsa. Ta yi dariya har da hawaye, kuma maganar ba ta fita ɗakin ba. Daga nan duk zaren da ya sayo sai ta ƙulle bakinsa: ƙulli ɗaya ja, ƙulli biyu kore.

Meram ta rasu bayan ƙaramar salla. Zaren da ta ƙulle ya kai shi wata huɗu. Na ƙarshen ya kasa sa masa almakashi, ya mayar da shi gwangwani.

Ya sayo sabo, ya sa ja a aljihun dama, kore a na hagu, amma da aiki ya yi nisa suka cakuɗe. Goni Modu, wanda ya daɗe yana ba shi ɗinki, ya dawo da hularsa.

"Malam Zarami, lafiya kuwa? Zanen nan rabi kore ne, rabi ja."

"Tsufa ne, Goni."

Goni bai yi faɗa ba, kallon tausayi ya yi masa, kuma wannan ya fi ciwo. Sati biyu Zarami bai taɓa allura ba. Gidan shiru, babu mai tsokanarsa. Ko dai ya tona asirin kansa, ko ya bar sana'ar.

Ya shiga motar Gashua wajen 'yarsa Bushra, yana ta tsara maganar a ransa. Da ya isa sai ya ɓuge da hirar zafi da kifi. Har ya yi sallama, sannan ya fito da zaren ya ajiye a tabarma.

Bushra ta ɗauka, ta duba, ta yi wa wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu.

"Baba, Iya ta ce wata rana za ka zo da zare. Ta ce kar in tambaye ka komai."

Ashe Meram tana kwance cikin ciwo, lamarinsa take tunani. Kewarta ta taso masa sabuwa fil. Har mota ta shigo Nguru hannunsa na cikin aljihu, yana shafa ƙullin.